Cin Rani Da Takardar Hanya

Kowace shekara, da an gama girbi an ɗaure dammunan gero da na dawa an jibge a rumbu, sai samarin ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su shiga ɗaure kayansu. Wani ya nufi Kano, wani Ikko, wani Fatakwal, wani kuwa ya yi arewa. A kan hanyar nan da su ke fita, ta nan waɗansu mutane su ke shigowa, watau mutanen Damagaram da Magarya da Kance, su ma abin da ya fid da namu shi ya fid da su. Wannan tafiya ita a ke ce wa cin rani. Ku 'yan makaranta, da wuya a sami ɗaya cikinku wanda ba shi da uba ko wa ko kawu a cikin matafiyan nan. Don haka muka ga ya kamata mu ba ku tarihin al'amarin, ku san mafarinsa, da irin aikin da a ke yi, da irin makwancin da a ke samu, da cututtukan da a ke gamuwa da su. Abu guda mu ke so ku lura da shi ƙwarai, watau yadda wata 'yar takarda ta zo ta raba ma'aikata kashi biyu, mai izni da maras izni, alhali kuwa gumin da su ke zubarwa iri ɗaya ne.

MAFARIN TAFIYA

Dalilin farko ba wani ba ne, ruwan sama ne. A wannan yanki namu damina ba ta wuce wata huɗu, sauran watannin shekara gona tana kwance. Magidanci mai iyali da yawa, in ya dubi rumbunsa ya ga hatsin ba zai kai su wata kakar ba, dabararsa ita ce ya rage bakunan da ke ci. Sai majiya ƙarfi su tafi su ci abinci a wani wuri, a bar wa mata da yara da tsofaffi abin da ke rumbu. Ko matafiyi bai komo da anini ba, ya dai taimaki gida, gama hatsin da zai ci ya zauna. Kun ji inda sunan ya fito, an tafi an cinye rani a waje.

Tun kafin zuwan Turawa a ke wannan. Zamanin da Ɗan Tunku ya kafa sarautar Kazaure, wajen 1819, da zamanin ɗansa Dambo, ayarin fatake suna ratsa ƙasar Hausa zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga Salaga. Tafiyar watanni ce, madugu na gaba, jakuna da 'yan alaro na biye. Malamai kuma su kan kwashi almajiransu da rani su yi gabas. Masaƙa da marina da dukawa su kan bi kasuwanni. A zamanin nan ba wanda ya ke tambayar baƙo takarda. Abin da a ke tambayarsa shi ne, “Wa ne mai masaukinka?” Mai masauki shi ne fasfo, shi zai tsaya wa baƙo in rigima ta taso, shi zai yi jinyarsa in ya kwanta, shi zai binne shi in kwana ya ƙare.

Kada ku zaci zamanin nan duk daɗi ne. Hanya ba ta da aminci, ga 'yan fashi, ga hare-haren Damagaram a kan garuruwan arewacin Kano da na Kazaure, wanda aka kama kuwa sai kasuwar bayi. Amma baƙon da ya tsira ya zauna lafiya ya kan zama ɗan gari. Ku dubi Agalawa da Tokarawa, kakanninsu daga wajen Azbin suka gangaro, suka zauna ƙasar Katsina da Kano, har suka zama manyan fataken goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma, daga cikin Agalawa ya fito.

SA'AD DA AKA JA IYAKA

Turawan Ingilishi suka ci Kano cikin Fabrairu 1903, Faransawa kuwa sun riga sun shiga Damagaram tun 1899. Da suka ga ƙasashensu sun haɗu, sai suka zauna a Turai suka raba kan taswira. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingilishi da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamu, tun daga bakin Kwara har Tafkin Cadi. Layin nan ya biyo ta arewa da Daura da Babura kaɗan. Ya raba wa da ƙane, ya raba gari da kasuwarsa, ya raba makiyayi da rijiyarsa. Mutumin Magarya da ya saba zuwa cin kasuwa kudu, sai ya wayi gari wai shi talakan Faransa ne, surukinsa kuma talakan Ingilishi.

Abubuwa uku suka biyo baya, su ne suka mai da cin rani babban al'amari. Na fari, haraji da jangali suka koma sai da kuɗin Turawa, aka daina karɓar wuri. Wanda ba shi da abin sayarwa, tilas ya sayar da ƙarfinsa. Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, sai aka bukaci 'yan ƙodago a gona, da 'yan dako a tasha, da masu ɗinkin buhu da masu jera dala. Na uku, bauta ta soma mutuwa. Doka ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, bayi da yawa kuma suka shiga biyan murgu, watau bawa ya fita ya yi aikin kansa yana ba ubangijinsa wani abu, har ya tara fansar kansa. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Saboda haka cikin 'yan cin rani na farkon zamanin Turawa akwai bayin da ke neman kuɗin 'yancinsu.

Mutanen ƙasar Faransi kuwa suna da nasu dalilin na ƙetarowa. Harajinsu ya fi nauyi, ga aikin tilas na gina hanya da bariki ba lada, ga ɗibar soja. Kwamandan Faransa yana da ikon ɗaure talaka ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ba a kashe aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai Afrilu 1946, da dokar da a ke kira da sunan Houphouët-Boigny. Kafin wannan, ƙauye guda ya kan tashi da dare ya ƙetaro. Haka kuma duk shekarar da yunwa ta faɗo, kamar Kakalaba ta 1914, wadda ta kashe mutane ba iyaka a ƙasar Kano da arewacinta, da 'Yar Buhu ta 1927, sai hanyoyin arewa su cika da masu neman abinci. Dagatai da masu unguwanni suka karɓe su, suka yanka musu daji, gama yawan talakawa shi ne ƙarfin sarauta. Jikokinsu suna nan tare da mu, ba mai iya rarrabe su.

LABARIN KUZA

Babbar matattarar leburori a Arewa zamanin Turawa ita ce filin kuza na Jos da Bukuru. Cikin 1914 aka gama ɗan siririn layin dogo daga Zariya zuwa can. Aikin kuwa ga yadda ya ke: a haƙa rami da diga da shebur, a cika kwano da ƙasa, lebura ya ɗauka a ka ya hau da shi, ya zubar, ya komo, tun safe har la'asar, sau da yawa ƙafafunsa cikin ruwa. Helma ne ke ɗauko mutane, shi ke lissafin kwanukan, ta hannunsa kuɗi ke biyowa. Ya kan ba sabon zuwa bashin abinci tun ran da ya sauka, ranar biya ya zare. Ga caca a bariki, ga giya, ga tsadar hatsi, gama dutsen Jos ba ya ciyad da taron da ke kansa. Mutum nawa ne suka tafi neman kuɗin haraji da na aure, suka komo da tsumman da suka tafi da shi!

Dutsen nan tsayinsa ya kai ƙafa 4,000 bisa teku. Mutumin ƙasar rairayi da ya saba da zafi, in ya kwana cikin bukkar ciyawa da hunturu ba bargo, ciwon haƙarƙari ne ke kama shi. A barikokin da ke gangaren kudu, wajen Jama'a da Wamba, akwai ƙudan tsando, sai leburori su ɗauki ciwon barci su kai garuruwansu. Wannan na cikin abin da ya sa Gwamnati ta kafa dokar ciwon barci cikin 1937, aka riƙa tattaɓa wuyan ma'aikata ana neman kaluluwa.

Mafi munin labarin ya zo da Yaƙin Duniya na Biyu. Farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ta ke samun yawancin kuzarta. Sai aka kafa dokar ɗibar mutane tilas daga lardunan Arewa, aka yanka wa kowace En'e adadin da za ta kawo, hakimai suka yanka wa dagatai. Kowane rukuni ya yi wata huɗu, a sallame shi, a kawo wani. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi wajen mutum 100,000. Abinci ya kasa, makwanci ya kasa, cuta ta shiga, mutane da yawa suka mutu, musamman wajen ginin madatsar ruwa ta Tenti, da yawa kuma suka gudu. Maganar ta kai har majalisar Ingila, cikin 1944 aka soke dokar.

To, a nan akwai abin lura. Waɗannan mutane duk sunansu na cikin littafin Gwamnati, da izni suka je, har ma da rakiyar 'yan doka. Duk da haka takarda ba ta hana su jin yunwa ba, ba ta rufe su daga sanyi ba. Ashe takarda kaɗai ba ta isa, sai an sami wanda zai tsaya ya ga an cika abin da ta ce.

GABAS DA YAMMA

Waɗansu ba su tsaya nan kusa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jama'arsa suka ci gaba da hijira, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yanzu a ke kira Mai Wurno. Alhazan ƙasa kuma su kan yi shekaru a hanya, suna tafe suna ƙodago. Da aka gama madatsar Sennar cikin 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai Hausawa da Fulani da Barebari suka zama ƙashin bayan tsinkar auduga a can. Aka zaunad da yawancinsu a sansani bayan gari, ba su da gonar kansu, ruwan shansu na magudanar gona ne, mai kawo tsargiya da zazzaɓin sauro. Da Sudan ta sami mulkin kai, dokarta ta 1957 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda kakanninsa ke zaune can tun kafin 1898. Sai ga mutumin da aka haifa a Jazira, bai taɓa ganin Kano ba, ana ce masa baƙo.

A bakin Bahar Maliya ma hanya biyu ce. Mai fasfon alhazai ya bi ta Sawakin, a yi masa lamba, a tsare shi kwanakin duba lafiya, ya biya kuɗi ya shiga jirgin ruwa. Wanda ba shi da kuɗin wannan sai ya bi 'yan fito da dare cikin ƙaramin jirgi mai filafilai. Waɗansu suka nutse, waɗansu aka zubar da su a gaɓar da ba ruwan sha, waɗansu kuwa, musamman mata da yara, aka sayar da su bayi, gama ba a hana bauta a ƙasar Makka ba sai 1962. Daga irin waɗannan matafiya ne aka sami jama'ar da a ke kira Takari.

Ta yamma kuwa tsohuwar hanyar goro ta zama hanyar leburori. Mutanenmu suka cika zangon Kumasi da na Ankara, suna aikin gonar koko, da ramin zinariya a Obuwasi da Tarkwa, da dako a bakin teku. Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka gina masallatai. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da oda, duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Yawancinsu ba su taɓa neman takardar ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsu. Mutum dubu ɗaruruwa suka fita, aka sayar da gida da kanti a kuɗin banza, tsofaffi da jarirai suka mutu a sansanin jira da kan hanya.

MU MA MUN YI

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Abin da aka yi mana a Gana mu ma mun yi wa waɗansu. Da kuɗin man fetur ya bunƙasa bayan 1973, shekarar da fari ya kashe dabbobin Nijar, baƙi suka kwararo Nijeriya, aka yi murna da arhar aikinsu. Buzaye suka zama masu gadi, mutanen Damagaram suka kama ga-ruwa da haƙar rijiya da shayi, mutanen Gana suka shiga koyarwa da gini. Cikin 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko, cikin 1979 kuma aka sa hannu a Dakar cewa ɗan ƙasashen ƙungiyar yana iya shiga ƙasar 'yar'uwa ya yi kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya da ta lafiya.

Sai kasuwar mai ta faɗi, aiki ya yi wuya, ga kuma tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano ta sa ana duban baƙi da wani ido. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba marasa takarda mako biyu su fita. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu mutanen Gana, amma da mutanen Nijar da na Cadi masu yawa. Cikin Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, cikin 1985 kuma aka sake wata korar. Rufewar nan ta zo daidai da babban fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna 'Yar Buhari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kowace ƙasa ta kan kira baƙo sa'ad da ta ke bukatar hannunsa, ta kore shi sa'ad da ta ga bakinsa.

ZAMANIN DA MU KE CIKI

Tun 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, garuruwan nan huɗu suna cikinta. Manyan hanyoyi biyu suna ratsa su zuwa Nijar, ɗaya daga Kano ta Kazaure da Daura zuwa Kwangwalam, ɗaya ta Babura zuwa Babban Mutum da Magarya. Ban da su akwai ɓarayin hanyoyi cikin gonaki, waɗanda 'yan acaɓa suka sani kamar tafin hannunsu. Ma'aikatan shige da fice sun sha tare samari da 'yan mata a wajejen nan, waɗansu ma daga kudancin Nijeriya, dillalai na shirin kai su Agadas, daga can Libiya ko Aljeriya.

Abin da ke jiran mai bin hanyar nan, ga misalinsa. Cikin Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a Sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ne, maƙwabtan Daura, Hausawa 'yan'uwanmu. Wanda ya tsallake kuma bai huta ba. Yana aikin gini ko gona yana ɓuya, in mai aiki ya hana shi ladansa ba shi da inda zai kai ƙara, gama ran da ya je wurin 'yan sanda shi za a fara kamawa. In ya faɗo daga bene ko ya kamu da tarin fuka, tsoro ya hana shi zuwa asibiti sai cuta ta ci ƙarfinsa. Waɗanda Aljeriya ta kora, an sha sauke su cikin rairayi a bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 zuwa Asamaka. A ƙasashen Larabawa kuwa, ko mai takarda ma ya kan sami kansa ɗaure da sunan wanda ya ɗauko shi, a karɓe fasfonsa a ajiye, in ya gudu daga wulakanci ya zama maras izni nan take.

Wanda ya tsaya cikin Nijeriya fa? Shi ba ya bukatar biza, sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zuwa ko'ina ya zauna. Amma ku ji abin da ya faru ƙarshen Agusta 2019. Aka tare wata babbar mota a Ikko ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su ana bincike, da ba a same su da laifin kome ba aka sake su. 'Yan ƙasa ne, neman abinci ya kai su, amma aka dube su kamar waɗanda suka ƙetaro iyaka. Zaman ɗan cin rani a manyan birane kuwa kun san shi: mutum goma a shago ɗaya, ko kangon gini, ko tasha, ko gindin gada, ba gidan sauro, ba salga, abinci na bakin titi. Inda aka cunkushe haka da bazara nan sanƙarau ya ke yaɗuwa, kamar annobar 1996 wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Nan kuma tarin fuka da amai da gudawa su ke samun gindin zama. In ciwo ya yi tsanani sai a sa mutum a mota a kawo shi gida, kuɗin da ya tara su ƙare wajen magani, wani lokaci ma ya shafa wa iyalinsa.

Iyakar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. An rufe ta cikin Agusta 2019, aka fara buɗewa Disamba 2020, Maigatari na cikin ƙofofin farko. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren cikin Maris 2024. Cikin Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. Kowace rufewa, talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke kwana ciki. Jiya yana da izni, yau ba shi da shi, shi kuwa bai sāke kome ba.

ABIN DA DOKA TA CE, DA ABIN DA YA RAGE GARE KU

Duniya ba ta yi shiru a kan wannan ba. Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya, wadda aka kafa cikin 1919, ta fid da yarjejeniyar hana aikin tilas cikin 1930, da ta ma'aikata baƙi cikin 1949. Cikin 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wata babba a kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalinsu, Nijeriya da Nijar duk suka shiga cikin 2009. Muhimmin abin da ke cikinta shi ne, akwai haƙƙoƙin da ba ruwansu da takarda. Ko mutum ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ba a bautar da shi, ba a azabtar da shi, ba a hana shi ladan aikin da ya riga ya yi, ba a hana shi magani in ransa na cikin haɗari, ba a hana ɗansa makaranta, mai gida kuma ba shi da ikon ƙwace fasfonsa. Sai dai yawancin ƙasashe masu arziki, inda baƙin su ke zuwa, ba su sa hannu ba. Inda aka sa hannun ma, dokar tana cikin littafi, leburan kuwa bai iya karatu ba.

To, nan ne aikinku ya ke. Ku ne masu karatu a gidajenku. In wanka zai tafi, ka tambaye shi ko yana da katin ɗan ƙasa, in ƙetare zai yi, ko yana da fasfo na gaskiya da katin rigakafi. In wani dillali ya kawo takardar alkawarin aiki, ka karanta masa ita kalma kalma kafin ya dangwala hannu: nawa ne lada, yaushe ne biya, wa zai biya magani, wa zai biya kuɗin komowa. In dillalin ya ce ba sai da takarda ba, ko ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin hanya, ku gaya wa iyayenku labarin mutum 92 ɗin nan. Wanda ya komo da tari ya wuce mako biyu, ku matsa a kai shi asibiti, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Rigakafi ya fi magani.

Sa'an nan ku dubi baƙon da ke cikin garinku, mai tura kurar ruwa, da mai gadin kasuwa, da wanda ya zo yankan gero. In an yi jinga da shi a cika masa, in ya kwanta a duba shi, kada a tsorata shi da hukuma don a cinye guminsa. Cikinku akwai waɗanda za su zama likitoci da alƙalai da ma'aikatan iyaka da hakimai, wata rana irin mutumin nan zai tsaya gabanku ba shi da ko ƙyallen takarda. Ran nan ku tuna da Jazira da Kumasi, ku yi masa abin da ku ke so a yi wa naku a can.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.